Motar da Ruwa Ya Tafi da Ita

Ranar Juma'a, uku ga Janairu 2025, Abdulghani ya fara zaluntar Nasir, mijin ƙanwarsa Wejdan. Abdulghani mutum ne da bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba. Duk unguwarsu ta Sa'alaba a Jidda an san shi da haka.

Shi ya shirya wa dangi fita daga Jidda zuwa arewa, su ga tsohon ramin jirgin ƙasa da aka fasa cikin dutse, da ruwan da ke zubowa daga wani tsauni kusa da shi idan an yi sama. Nasir direban gida ne. Ya roƙi kafilinsa, wato maigidan da ke riƙe da takardun zamansa, aron babbar mota ta kwana biyu, aka ba shi.

Sun shiga ramin, sun taɓa tsoffin duwatsun, sun ɗauki hotuna. Suna fitowa saƙo ya shigo wayoyinsu: an yi ruwa a kan duwatsu, a guji kwari.

Nasir ya ce, "Yaya, mu bar motar nan sama, mu taka."

Abdulghani ya ce, "Baba zai taka da wannan gwiwar? Shekara nawa ka yi a ƙasar nan da za ka koya mini? Yalla, sauka."

Wejdan ta ce, "Yaya, saƙon fa."

"Kullum turo shi suke yi. Halas, magana ta ƙare."

Nasir ya sauka da motar cikin kwarin. Suka hau gefen dutse suna kallon ruwan, Wejdan tana zuba shayi. Ba a yi rabin awa ba ambaliya ta taho, ja, ɗauke da itatuwa. Ta juya motar sau biyu, ta wuce da ita. Babu wanda ya ji ciwo. Nasir yana tsaye da makulli a hannu. Da aka miƙa masa shayi ya karɓa, ya riƙe har ya huce.

Da kafilin ya kira Abdulghani ya ji yadda aka yi, sai Abdulghani ya ce, "Wallahi na hana shi, bai ji ba." Haka ya maimaita wa dangi. Baba ya sunkuyar da kai, don ɗansa ne.

Kafilin ya soke aikin Nasir, ya buga masa bizar fita. Yanzu saura masa kwana goma sha ɗaya. Da safe Nasir yakan sa kayan aikinsa, ya zauna a bakin gado har azahar. Wejdan tana cusa tukwane a kwali.

Darasin a fili yake. Girman kai ya jefa mota a ruwa, amma ƙarya ce ta kori mutum daga ƙasa, kuma shirun waɗanda suka gani ya taimaka mata. Mota ba za ta dawo ba. Sunan Nasir zai iya dawowa. Saboda haka dole ne Abdulghani ya je gaban kafilin, sannan ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa bayan sallar Juma'a, ya ce da bakinsa, "Ni na ce ya sauka." Ba a waya ba, ba ta bakin ɗan aike ba, kuma kafin jirgin Nasir ya tashi.