Wurin Ajiye Motar Malam Barau

Lokacin ina jami'in tsara gari, ina ji da kaina, Malam Barau mai gyaran keke ya kawo zanen gidan da zai gina a sabuwar unguwa.

Na ce, "Babu izini sai ka ware wurin ajiye mota biyu."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, filin ɗaki uku ne kacal. Kuma keke gare ni."

"Allah na iya ba ka mota gobe."

"Haka ne. To Allahn da zai ba ni mota, wurin ajiye ta ne zai gagare Shi?"

In na ce e, na yi saɓo. In na ce a'a, dokata ta faɗi. Na sa hannu, alhali ni ma tawa motar tana kwana ƙofar maƙwabci shekara tara.