Ƙanzon Yalwa

Dalilin da ya sa wainar farko take kama tanda, komai man da aka zuba mata, ba laifin wuta ba ne, ba kuma rashin iyawar uwayenku ba ne. Ku gyara zama ku ji. Wanda ya san surutu ya kawo shi, ya tashi tun yanzu.

A da can tanda ba ta riƙe waina. A zuba, a juya, ta fito sumul, ta farko kamar ta ƙarshe. A wancan zamani akwai wata mata a wani ƙauyen manoma, sunanta Yalwa. Mijinta Jatau, 'ya'yansu cike da tsakar gida, babbarsu Dela. Yalwa akwai zafin hannu. Kafin Jatau ya dawo daga masallaci ta dama ƙullun gero da ɗan tsamin jiya, ta hura wuta, ta ɗora tandarta ta ƙasa, ƙamshi ya tashi har maƙwabta.

To amma ƙullu kaɗan ne, bakuna da yawa. Na maigida ake fara kwashewa a rufe da faifai. Yara kuwa sun kewaye murhu, kowa da kwano a miƙe.

"Inna, ni ba a ba ni ba!"

"Ƙarya yake yi, Inna, dubi kumatunsa!"

Tana cirewa suna wawurewa, suna hura yatsu. Kafin ta ɗago kai ƙwarya ta koma fayau. Sai ta ɗauraye ƙwaryar da ruwa ta shanye, ta ɗaure zani tamau, ta bi su gona.

Wata safiya, bayan kowa ya watse, tanda ta yi magana. Lokacin kayan gida suna magana, in abu ya ishe su.

Ta ce, "Ke Yalwa, wai kullum azumi kike yi ne?"

Yalwa ta ce, "Wane irin azumi?"

"Tun da aka kawo ni cikin kayan aurenki nake kallon ki. Wuta ɗaya ke gasa mu, amma ban taɓa ganin waina ta shiga bakinki ba."

"Wa zan hana? Nuna min shi."

"To ki ce su rage miki mana."

Yalwa ta riƙe haɓa. "Da bakina? In roƙi abinci a hannun ɗan da na haifa? Allah ya sawwaƙe. Idonsu ai yana gani."

Tanda ta ce, "Shi ke nan. Daga gobe zan riƙe zubin farko, in kama shi gam. Sai an kankare zai fito, a dagargaje, ba mai so. Wannan naki ne. Kuma na rantse ba zan saki ba sai ranar da wani a gidan nan ya zaɓi lafiyayyar waina ya sa miki a hannu, ya ce ci."

Yalwa ta yi dariya. "Ai ba za ki daɗe kina wahala ba. Ƙuruciya ce kawai ke damun su."

Washegari zubin farko ya kama. Yalwa ta kankare ƙanzon ta tara a gefe, yara suka yatsine fuska. Jatau ya zo wucewa ya leƙa.

"Wannan kuma fa? Na kaji ne?"

Nan ne Yalwa ta yi kuskuren da ya ci ta. Da ta yi shiru, wataƙila da ya tsaya ya yi tunani. Amma kunya ta kama ta, kada a ce matar Jatau ƙanzo take karyawa da shi don babu. Sai ta ce, "Bar shi, malam. Ni ai ƙanzon na fi so."

Jatau ya ƙyalƙyale da dariya. "Ikon Allah! Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kun ji, yara, kada wanda ya taɓa wa uwarku ƙanzonta."

Ranar ta karya kumallo, ta ji daɗi. Ba ta san ta rufe wa kanta ƙofa ba.

Shekaru suka tafi. Yara suka zama ƙarti, rumbu ya cika, har wainar shinkafa ake yi a gidan, a zuba mata zuma. Waina takan ragu a ba baƙi, a aika wa maƙwabta. Yalwa dai ƙanzo. Kowa a garin ya sani, har tsokanar ta ake yi a gidan biki: "Ku kankaro wa Yalwa gindin tanda!" Ita ma ta taya su dariya.

Tanda ta ce mata, "Ki janye maganar nan, Yalwa. Kalma ɗaya ce."

"Yanzu? Da furfurata? Su ce duk shekarun nan ƙarya nake yi musu?"

Amma kullum safiya tana satar kallon hannuwansu. Akwai ranar da Dela, ta zo wankan jego gida tare da babban ɗanta, ta zaɓo wata waina jawur, mai laushi, ta miƙo mata. Yalwa ta tara hannu ta karɓa. Sai Dela ta ce, "Inna, riƙe min wannan ta huce, in ba mai sunan Baba."

Ta riƙe. Ta hura masa har ta huce.

Da tsufa ya kayar da ita, haƙora suka zube, ta kwanta ciwo, ko kunu ba ya wucewa. Wata safiya ta kira Dela, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Waina nake marmari."

Gida ya ɗauki murna, Inna ta nemi abinci. Dela ta ɗora tanda da sauri, ta malala man shanu. Zubin farko ya kama, don rantsuwa rantsuwa ce. Dela ta kankare shi a hankali, ta zuba a kwano mafi kyau, tana korar jikoki. "Kai, ku matsa! Na Inna ne, wallahi wanda ya taɓa sai na karya masa hannu."

Ta durƙusa a bakin gado. "Inna, tashi. Ga abin son naki, ban bar ko ɓarɓashi ba."

Yalwa ta dubi kwanon. Ta ƙofar ɗaki tana hango faranti cike da lafiyayyu, suna tururi, ana wucewa da su zaure wurin maza. Ta buɗe baki, ta dubi fuskar Dela, ta ga yarinyar nan da zuciya ɗaya ta yi. Sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Ta ɗauki ɗan guntu ta sa a baki. Dasashi ba ya tauna ƙanzo. Ta tsotsa, ta tsotsa, ta juya fuska bango. Ba ta kai azahar ba.

Ranar sadakar uku aka aro tandunan unguwa kaf, aka jera su a tsakar gida. Aka toya waina tuli, kyawawa, aka raba wa gari da sunan Yalwa. Tandarta tana kan wuta tana kallo. Ta ce wa 'yan'uwanta, "Kun gani? Yau ga lafiyayyu da sunanta, ranar da ba ta da bakin ci." Ta kwashe labari ta gaya musu. Suka ce ai ko a gidajensu haka ake yi, duka suka ɗauki rantsuwar. Daga ranar tanda ba ta ƙara yi wa ɗan Adam magana ba.

Shi ya sa har yau wainar farko take kama tanda. Rabon mai tuya take riƙewa, tana jiran a yi abin da ta ce. Saboda haka in kun ga uwarku ta ja ƙanzo gefe ta ce ita shi ta fi so, kada ku yarda. Allah bai halicci mai son ƙonanne ba. Ni dai na tsufa, na shiga gidaje da yawa, ban ga inda tanda ta saki ba tukuna.