Rawanin Sankira Tunau

An yi wani sarki a birnin Kurmin Dunya, sunansa Zailani, mutum ne mai kyauta da kunya da son talakawansa, sai dai Allah ya jarrabce shi da abu guda: idan aka yabe shi, ba ya tsayawa ya duba ko yabon yana da tushe. Yana da waziri, wani dattijo mai suna Gwadabe, wanda ya tsufa yana gyara ɓarnar da bakunan fadawa ke yi, har abin ya zame masa sana'a.

Wata rana da hantsi, ana zaman fada a ƙarƙashin durumin ƙofar gida, sai ga gungun ƙudan zuma sun taso daga gabas, sun rufe sama suna ruri. Fadawa suka watse, kowa ya ja riga ya rufe kai. Sarki kuwa nauyin alkyabba ya hana shi tashi, sai ya ɗaga hannu cikin firgita ya ce, "Kai, ku tsaya!" Aka yi dace a daidai lokacin ƙudan suka sauka a kan reshen durumin, suka dunƙule wuri guda kamar tulu.

Sankiran sarki, wato mai yi masa kirari da shela, wani ƙato ne mai suna Tunau, wanda idan ya yi gyaran murya a fada sai an ji a kasuwa. Ya fito daga bayan wani doki inda ya ɓuya, ya karkaɗe riga ya ce, "Zaki! Yau ido ya ga abin da kunne bai taɓa ji ba. Ko ƙwari sun san muryar mai ƙasa!" Fadawa suka amsa, kowa na rantsuwa shi ma ya gani, alhali a lokacin kansa na cikin riga. Daɗi ya kama Sarki har ya kasa ɓoyewa.

Ana cikin haka sai ga wani mutum mai suna Nomau ya iso yana haki, da amya a kafaɗa, irin wadda ake saƙawa da ciyawa a rataye a bishiya don zuma ta shiga. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ƙudan nasa ne, daga gonarsa suka yi ƙaura, tun safe yake bin su. Tunau ya daka masa tsawa ya ce waɗanda suka amsa kiran Sarki ai sun zama bayin Sarki. Nomau, da yake bai san fada ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai zuma ba ta jin magana, ko ta wa ce. Gajiya suka yi."

Sarki ya murtuke fuska, ya dubi Gwadabe ya ce, "Waziri, kai ne ma'abucin hankali a cikinmu. Ka yi mana bayani gobe a nan: zuma na jin muryata ko ba ta ji? In tana ji, wannan mutum ya yi mini ƙarya a bainar jama'a, zai bar ƙasata, ya bar zumarsa. In kuwa ka ce ba ta ji, to ka zo da hujjar da ta fi idon fadawana duka, in ba haka ba ku tafi tare."

Waziri ya koma gida ransa a ɓace. Ya san Nomau ya faɗi gaskiya, ya kuma san gaskiyar da aka miƙa wa Sarki tsirara ba ta kwana a fada. Tausayin mutumin ya kama shi, ga kuma haushin Tunau da ya daɗe yana cinsa. Ya aika aka kira Nomau, ya ce ya kawo irin turaren da masu zuma ke turara amya da shi don ƙudan su so zama a ciki, na kaki da saiwoyi masu ƙamshi. Ya ɗauko rawani mafi girma a adakarsa, ya sa aka turara shi har ya ƙoshi.

Da gari ya waye fada ta cika, ƙudan na nan a reshensu. Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na yi nazari, na ga bai dace da martabar sarauta ba a ce Sarki ya yi ta magana da talakawansa baki da baki. Al'ada ita ce Sarki ya yi umarni, sankira ya isar. Ina roƙon a naɗa Tunau manzo zuwa ga waɗannan sababbin bayi, tunda shi ya fara shaida biyayyarsu. Ga ma rawanin manzanci na kawo daga gidana."

Tunau ya dubi reshen, ya dubi rawanin, son girma ya rinjayi tsoro. Aka naɗa masa, ya taka yana taƙama har ƙarƙashin dunƙulen, ya buɗe maƙogwaro: "Ku saurara, ya ku jama'ar zuma! Zaki ya gaishe ku, ya ce ku tashi ku koma bayan fada!" Ko ɗaya bai motsa ba. Ya ƙara murya har tantabaru suka tashi daga soro, shiru. Kunya ta kama shi, ya ɗaga sandarsa ya bugi reshen don su san da manzo suke magana.

Dunƙulen nan ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗo masa a ka. Ƙudan suka ji ƙamshin gida, suka baje a kan rawanin, suka gangaro ta kunnuwa har gemu, suka yi zamansu. Tunau ya sandare. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya yi shiru irin na ran nan ba, har wasu tsofaffin fada suka yi hamdala a ɓoye.

Waziri ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, sun karɓi manzo hannu biyu. Saura Sarki ya sallame su da bakinsa." Sarki ya miƙe ya ce, "Ku tashi!" Ba su tashi ba. Ya maimaita da ƙarfi, ya haɗa da nuni da hannu, sai ma wata ta shiga zagaya hancin Tunau.

Waziri ya matsa kusa da Tunau kaɗan, ba sosai ba, ya ce masa, "Sarkin baki, kai ne babban shaida. Mu ƙara jira Sarki ya yi musu magana, ko a kira mai amya? In suna ji, ai babu gaggawa."

Hawaye na bin kumatun Tunau, ya motsa gefen leɓe da wata 'yar murya kamar ta sauro ya ce, "Ba sa ji. Wallahi ba sa ji. Jiya ma ban ga komai ba, ina bayan doki. A kira Nomau, don girman Allah."

Kunya ta rufe Sarki, sa'an nan dariya ta ƙwace masa har ya koma ya zauna. Nomau ya zo ya kwance rawanin a hankali, ya karkaɗe ƙudan cikin amyarsa, ya toshe bakinta. Sarki ya ce ya tafi da zumarsa lafiya, kuma daga yau duk durumin da ke birnin ya rataya amya a kai in ya so. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce, "Ka cece ni daga korar mai gaskiya saboda daɗin baki. Allah ya bar mu tare."

Masu hikima na wannan ƙasa suka riƙe maganar, suna gaya wa duk wanda aka ba shari'a: kada ka yanke hukunci da shaidar wanda ƙaryarsa ba za ta cuce shi da komai ba, ka dakata tukuna ka ji abin da zai ce ranar da ta zauna masa a ka.