Hantsin da Dalhatu ya hana mahaifiyarsa

Akwai wani mai shayi a tashar Sabon Birni, sunansa Dalhatu. Mutumin kirki ne, sai dai fa akwai tsoron bakin mutane.

Mahaifiyarsa, Inna Mairama, ta baro Gatawa ta dawo hannunsa. Ba a jima ba gwiwoyinta da bayanta suka fara yin jan tabo mai farin ɓawo. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Anya wagga ba kuturta ba ta?"

Shi ke nan fa, hankalin Dalhatu ya tashi. Wa zai sha shayin ɗan kuturwa? Ya mayar da tsohuwa ɗakin ƙurya, ya ware mata kwano. Nono ma ya hana ta, wai an ce yana tayar da ciwon fata.

Kullum da safe sai ta ce, "Dalhatu, fidda ni in sha hantsi."

Ya ce, "Inna, bari mutane su ragu, za ni fidda ki."

Shekara biyu cur, mutanen nan ba su ragu ba.

Ran nan ta sunkuya ɗaukar buta, ta ɗan zame, ƙashin ƙugunta ya karye. Faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba!

A wani asibiti a Sakkwato, likita ta duba ta, ta juyo kan Dalhatu. Ta ce, "Wannan ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Da haske ma muke maganinta, akwai na'urar da za mu riƙa sa ta a ciki. Amma ƙashinta ya yi rauni ƙwarai. Mace in ta manyanta tana bukatar rana da nono. Yaushe rabonta da fita?"

Dalhatu ya kasa ɗaga kai.

Sai Inna ta yi caraf ta ce, "Likita, ni ce ba ni son rana. Ɗana kullum sai ya roƙe ni in fito."

Wayyo! Ya fita baranda, ya toshe baki da hula, ya yi kuka kamar ransa zai fita.

Aka yi mata aiki, aka yi watanni ana sa ta a haske, fata ta lafa. Ƙafa kam ba ta koma daidai ba, sai da sanda.

Yanzu kowace safiya Dalhatu kan shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, su sha fura da nono a kwano ɗaya, kowa na gani. Teburin shayinsa kuwa ko mutum ɗaya bai ragu ba.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Har yau in ya ji ƙarar sandarta a tsakar gida, sai ya sunkuyar da kai.

Darasi: Kada kunyar mutane ta sa ka ɓoye marar lafiyarka. Kai shi asibiti, likita ya faɗi sunan ciwon, ba maƙwabta ba. Iyayenmu mata kuma a bar su su sha hantsi, a ba su nono. Tura wa wani, ƙila akwai tsohuwar da ke ɗakin ƙurya yanzu haka.