Jifar Da Aka Ce Ta Cinya Ce

Akwai wani mai jifa a wasan besbol a nan ƙauyenmu, bayan gonakin raken San Pedro, sunansa Wilkin. Ku da kuke bin shafin nan kun san tun rasuwar maigidana nake soya ayaba da kifi a bakin fili. Ba na ragi, ba na ƙari a magana. A gaban kaskona abin ya faru.

Wilkin yana da ƙanwa, Yokasta. Mijinta Eladio shi ne ya fi kowa iya bugun ƙwallo da sanda a ƙungiyar tsallaken kogi.

Wata Lahadi ƙungiyoyin biyu suka haɗu. Wani bature mai ɗaukar 'yan wasa zuwa Amurka ya zo takanas don ya ga Eladio. Yokasta da tsohon cikinta tana zaune kusa da ni, har ta fara lissafa mini kalar fentin da za ta yi wa gida in an ɗauki mijinta.

A ƙungiyar Eladio akwai wani mai ji da kai, ana ce masa Zakara. Ya maka wa ƙwallon Wilkin sanda, ta tsallake katanga ta faɗa cikin rake. Maimakon ya sunkuyar da kai ya zaga fili da gudu kamar kowa, sai ya tsaya yana kallonta. Ya cilla sanda sama.

"Wilkin, aika kakarka ta nemo ta!"

Ba a rubuta ko'ina ba, amma kowa ya san dokar. Wanda ya yi haka, in ya dawo bugu, a cinyarsa ƙwallo za ta sauka. Kocinsu ma ya sani, sai ya cire Zakara, wai ƙafa na masa ciwo. To in mai laifi ya fice, kan gwanin ƙungiya ake ramawa.

Don Fausto, dattijon nan kocin su Wilkin, ya tako har tsakiyar fili.

"Eladio ne zai shigo. Cinya."

"Haba Don Fausto, mijin ƙanwata ne fa."

"A gida. Nan fili ne."

"Baturen nan dominsa ya zo."

"Yaro, an zage ka a gaban garinku. In ba za ka iya ba, ba ni ƙwallon, ka je ka taya matar can suya."

Da kunnena na ji. Abokan wasansa duk suka zuba masa ido.

Eladio ya shigo da sandarsa yana dariya, don ya san abin da ke tafe.

"Suruki, ka nemi wurin tsoka! Ƙanwarka ce za ta gasa mini da ruwan zafi!"

Wilkin bai yi dariya ba. Ba ya son ya taɓa Eladio, ba ya kuma son a ce masa matsoraci. Sai ya yi wa kansa dabara: zai jefa ta bayan Eladio ta wuce, koci ya ga ya gwada, suruki ya tsira.

Abin da ya manta, mutum in ya ga ƙwallo ta nufo shi, baya yake ja.

Eladio ya ja baya, ya sunkuya. Ƙwallo ta same shi ƙasan hula, a idon hagu. Ƙarar har yau ina jin ta. Kifina ya ƙone a kasko ban sani ba.

Bature bai koma hannu rabbana ba. Ya ɗauki Zakara, saboda bugun nan na cikin rake. Yanzu gidan uwarsa bene ne.

Idon Eladio bai dawo ba. Mai ido ɗaya ba ya gane nisan ƙwallo, yau rake yake sara. Wilkin kuma babu wanda ya kore shi, hannunsa ne ya ƙi. Da ya ga mutum tsaye da sanda, sai ƙwallo ta tafi ƙasa ko sama. Acaba yake yi. Yokasta ta haihu, ba ta aika masa ba.

Na tare Don Fausto na ce, "Tsoho, kana iya barci?"

Ya ce, "Haka wasan yake, mata ba za ku gane ba. Zuba mini ayaba."

Na ce ta ƙare, alhali ga ta a gabansa. Har gobe shi ne koci, yana koya wa sababbi cinya.

Ranar Lahadi su biyun suna zuwa bencina. Eladio ya ce ya yafe, kuma na yarda ya faɗa da bakinsa. Amma kullum sai ya zaga ya zauna yadda Wilkin zai kasance ta hagunsa, ta wajen idon da ba ya gani.

Darasi: Ramuwa ba ta cika samun mai laifi ba, wanda ke kusa da kai take samu. In an tura ka mugun abu, ka ce a'a da bakinka, kada ka yi rabinsa don ka faranta wa kowa. Ku tura wa duk mai ɗa a fili, ko guda ɗaya ya ji.