Manomin da Ya Yi Sallama a Kowace Ƙofa

Akwai wani manomi, mutumin kirki, wanda ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya mutu ana dab da damina. A garinsu kuwa akan ari shanu, in kaka ta yi a biya da hatsi. Manomin nan yana da suna mai kyau, ko allura ya ara sai ya mayar. Aibinsa ɗaya ne, bawan Allah, bai iya jira ba.

Ya tafi wurin Baba Sila, wani dattijo mai shanu. Dattijon ya ce, "Na ji, ɗana. Ka dawo bayan kasuwa."

Bayan kasuwa! Ga hadari yana haɗuwa a gabas, gonar nan kuma ita ce tuwon 'ya'yansa na shekara. Tsoro ya kama shi. Bai ko leƙa gida ba, ya bi ƙofofin masu shanu yana sallama, yana roƙon kowannensu. A hanya ya ari garma a nan, ya karɓi taki bashi a can. A ganinsa dabara ya yi: in wannan ya hana, wancan zai bayar.

Ranar kasuwa masu shanu suka haɗu a rumfa. Ɗaya ya ce, "Wane ya zo wurina." Wani ya ce, "Ni ma haka." Sai na gefe ya ce, "To, me na farkon ya gani da ya hana shi?" Sai kowa ya ƙara ɗaure shanunsa.

Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi huɗa, shi kuwa yana zaune a ƙofar gida, zuciyarsa ta yi baƙi. Matarsa Rahila ta tausaya masa, ta ajiye masa kunu, ta ce, "Maigida, ba wanda ya ƙi ka. Yawonka ne ya ba su tsoro. Ka mayar da kayan mutane, ka koma inda aka ce ka dawo."

Ya wanke garmar ya mayar, ya mayar da takin ko buɗe buhun bai yi ba. Sa'an nan ya je gaban Baba Sila, kansa a sunkuye.

Dattijon ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Kai, ɗana! Tun ranar da ka zo na ware maka shanu, kofaton ɗaya ne kawai nake jira ya warke. Da na ji kana zaga gari, sai na ɗauka ka samu. Je ka kwance su."

Ya yi huɗa, ya kuwa sami abinci a shekarar. Amma gefen gonar da ya makara bai ba shi komai ba sai kara.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattuna: sunan kirki shi ne jingina ta farko da mai neman rance yake kaiwa. Masu shanu su ne bankuna da masu ba da rance ta waya, su ma suna da rumfar da suke haɗuwa. In ka nema a ko'ina a lokaci guda, za su ɗauka ruwa ya kusa cinye ka, ko da kuwa ba ka taɓa cin kuɗin kowa ba. Saboda haka ka fara biyan ƙananan basussukanka, kada ka ɗauki sabo kana tsakiyar nema, ka zaɓi ƙofa ɗaya ka jira amsa.

Haka yake kuma tsakaninmu da Ubanmu na Sama. Sau nawa muke tashi daga addu'a mu ruga neman taimako a wurare marasa kyau, don ya ce mu dakata? Alhali kuwa tun ranar da muka roƙa ya riga ya ware mana shanun.