Kajin Dwayne da Rediyon Gwangwani

Akwai wani dattijo gurgu mai suna Orval Teague a kan tudun garinmu a jihar Arkansas, zamanin da waya ba ta iso mu ba, kowa da rediyon oba-oba yake magana. Orval da hannunsa ya haɗa tasa a cikin gwangwanin biskit. Tasha ɗaya tak gare ta, muryarta kuma ba ta da ƙarfi.

Maƙwabcinsa Dwayne Pruitt, mai kiwon kaji, ya ƙara wa tasa ƙarfi fiye da abin da doka ta yarda. In ya danna, ya danne kowa a tashar. Ita kuwa oba-oba, muddin kana danne da maɓallin magana, kai ma ba ka jin kowa.

Wata Asabar da hantsi Orval ya hango hayaƙi yana tashi daga gidan kajin Dwayne. Ba kowa a gonar, shi ba ƙafa, ba mota. Ya rarumi rediyo.

Ga Dwayne can cikin gari, zaune a motarsa, yana cika direbobi da labarin kifin da ya kama.

Da ya saki maɓallin don jan numfashi, Orval ya ce, "Dwayne, saurara, akwai..."

Dwayne ya danne. "Wane sauro ne ke min kuka a kunne? Au, tsoho ne da gwangwaninsa! Baba, je ka zuba biskit a ciki, manya na magana."

Kai, wannan mutum da ban haushi yake! Orval ya kira shi, ya kira masu kashe gobara, ya kira duk mai ji. Ina! Muryar Dwayne ta rufe komai. Hayaƙin ya koma baƙi ƙirin. Dattijon ya dinga dukan tebur, takaici har ya sa shi hawaye.

Wata direba da ake kira Loretta ta samu ta kutsa. "Kai Dwayne, ka bar bawan Allah ya yi magana mana!"

"In yana da ƙarfi ya ture ni," in ji Dwayne, ya faro labarin kifin daga farko.

Sai da aka kusa awa guda maƙogwaronsa ya bushe, ya ajiye rediyon don kurɓar kofi. Tashar ta yi tsit.

"To Baba, faɗi abin da ke cinka," in ji Dwayne.

Orval ya dubi taga, muryarsa duk ta dishe.

"Ba sauri yanzu, ɗana. Gidan kajinka ne. Ɗazu rufin ya rufta."

Kaji dubu huɗu, ko ɗaya ba ta fita ba.

Darasi: Mai danne muryar na ƙasa da shi, kunnensa yake toshewa, kuma wataƙila cetonsa ne a bakin wanda ya raina. Ku tura wa wannan abokin da ba ya barin kowa ya kai aya.